Sifili a tambaya ta biyu: mu kai ƙorafin Farfesa ko mu haƙura?

Nura, wakilin aji uku:
Assalamu alaikum. Yayyenmu da suka riga mu wucewa ta kwas ɗin Juriyar Kayan Gini, da ku 'yan ajinmu, shawara nake nema kafin in sa hannu a wata takarda.

Sakamakon tes ya fito, kuma da yawanmu sifili suka samu a tambaya ta biyu, wadda ita ce ta kwashe rabin makin. Ga tambayar don waɗanda ba su gani ba: bim, wato dogon ƙarfen da ake kwantarwa ya ɗauki nauyi, cikakke mai tsawon mita 4, faɗinsa milimita 100, tsayinsa milimita 200, yana zaune a kan madogara biyu, an ɗora masa kiloniyuton 10 a tsakiya. Nawa zai lotsa? Amsar ita ce milimita 1. Mutanenmu suka rubuta milimita 1000, mita guda ke nan. Abin da ya jawo haka, an ba da E, wato ma'aunin taurin ƙarfe, a gigafaskal 200, sai suka saka 200 kai tsaye cikin lissafin da sauran lambobinsa ke niyuton da milimita, alhali 200,000 ya kamata a saka. Zane daidai, fomular PL³/48EI daidai (P nauyi ne, L tsawo), I da ake lissafawa daga faɗi da tsayin bim ma daidai. Farfesa ya ja layi ɗaya ya rubuta sifili.

Wasu sun rubuta takardar ƙorafi zuwa ga shugaban sashe, suna neman a sake duba tes ɗin a ba da makin hanyar lissafi. Sun ce ni zan fara sa hannu tunda ni ne wakili. Me kuke gani?

Bashir:
Wa'alaikumus salam. Nura ka sa hannu, ka kawo ni ma in sa. Karo na biyu ke nan ina zama a ajin nan. Bara na faɗi, kuma saboda sai ka ci wannan kwas ake barinka ka ɗauki na lissafin tsarin gini, komai nawa ya ja baya. Har yau ban ga takardar jarrabawata ba, ban san inda na ci da inda na faɗi ba. Harafi ɗaya kawai na gani a allon sanarwa. Mutumin da ya san fomula, ya san inda za a saka ta, ya yi zane mai kyau, a ce makinsa ɗaya da wanda bai ɗora biro a takarda ba? Wannan ba adalci ba ne.

Injiniya Rabi:
Ƙannena, sannunku da ƙoƙari. Na zauna a ajin wannan malamin, yanzu kuma ina aiki a ofishin zanen gine-gine, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ba zan sa hannu a wannan takardar ba.

Ku ajiye kalkuleta ku kalli bim ɗin da idon zuci. Curin ƙarfe ne wanda shi kaɗai ya haura kilo 600. Kiloniyuton 10 kuwa nauyin tan ɗaya ne, kusan. Idan kuka lissafa jan da ke gefensa na ƙasa za ku samu niyuton 15 a kowace murabba'in milimita, ƙarfen gini na yau da kullum kuwa sai ya kai wajen 250 kafin ya fara sallamawa. Wato ƙarfen nan bai ma san an ɗora masa komai ba. To ta yaya zai lotsa mita guda, rubu'in tsawonsa? A aikinmu, iyakar lotsawar da ake yarda da ita a irin wannan wuri ba ta wuce tsawon bim a raba da 250, wani lokaci da 360. Ga mita 4, milimita 16 ke nan ko 11. Wanda ya rubuta 1000 ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya wuce tambaya ta gaba bai tsaya ya tambayi kansa ko abin zai yiwu ba. Wannan rashin tsayawar Farfesa yake hukuntawa, ba mantuwar sifili uku ba.

A ofis manhajar kwamfuta ce ke yin lissafin, kuma duk abin da ka zuba mata za ta ba ka amsa mai tsabta da lambobi jere bayan ɗigo. Abin da ake biyan injiniya a kansa shi ne ya kalli lambar ya ce a'a, wannan ba daidai ba ne.

Zainab:
Yaya Rabi, na fahimce ku, amma a ofishinku akwai mai duba lissafinku bayan kun gama, akwai littattafan ƙa'ida a kan tebur, kuma ba wanda ke tsaye a kanku yana cewa saura minti biyar. Mu awa ɗaya aka ba mu, ba littafi, ba abokin shawara. Idan ana so a gwada mu da mizanin masu aiki, a ba mu yanayin masu aiki.

Injiniya Rabi:
Maganarki ta lokaci gaskiya ce, ƙanwata. Amma batun mai dubawa, kada ki jingina da shi. A ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas Siti a Amurka, gadojin tafiya biyu da aka rataye a babban zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka rasu. A zanen farko, dogon rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi, ya ratsa gadar hawa na huɗu, ya wuce ya riƙe ta hawa na biyu, kowace gada tana zaune a kan notinta. Masu ƙera ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, suka mai da shi rodi biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Da wannan canji, mahaɗar gadar sama ta koma ɗaukar nauyin gada biyu. Ɗan aji biyu da ya iya zanen rarrabe ƙarfi zai gano haka cikin minti kaɗan. Amma zanen ya bi ta ofishin injiniyoyi, an buga masa hatimi, ya wuce. Masu ƙera suna ganin injiniyoyi sun duba, injiniyoyi suna ganin masu ƙera sun lissafa. Bincike ya nuna ko zanen farkon ma kusan kashi 60 cikin ɗari kawai na nauyin da dokar ginin birnin ta gindaya zai iya ɗauka. An ƙwace lasisin injiniyoyin da abin ya shafa. Mai dubawa mutum ne kamarki, ya gaji kamarki, kuma sau da yawa yana dogara da cewa kin riga kin duba.

Aliyu, Mekanikal aji huɗu:
Ku tsaya tukuna. Akwai abin da ban ga kowa ya ambata ba. Ƙa'idar Farfesa ba wai "amsa ba daidai ba, sifili" ba ce. A laccarsa ta farko yakan ce: idan amsarka ta fito abin da ba zai yiwu ba, kuma lokaci ya ƙure maka, ka rubuta a ƙasa cewa wannan amsa ba ta shiga hankali ba, kana zargin ma'auni ko wani mataki. Idan ka rubuta haka zai ba ka makin hanya gaba ɗaya, ya cire na amsa kawai. Sifilin na wanda ya miƙa abin da ba zai yiwu ba ne kamar ya gamsu da shi. Mu haka aka yi mana bara.

Nura, wakilin aji uku:
Yaya Aliyu, wallahi yau na fara jin wannan. 'Yan aji, akwai wanda ya ji?

Hauwa:
Ni na ji, ya faɗa. Amma a layin gaba nake zama. Ranar lasifika ba ta aiki, zauren kuma ya cika da 'yan sashe uku, wasu ma ba su gama rajista ba balle su shigo. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba, kuma babu shi a takardar tsarin kwas da aka raba.

Bashir:
To kun gani. Ƙa'idar da rabin makin mutum ya rataya a kanta, an faɗe ta sau ɗaya da baki a makon farko. Ni da na yi kwas ɗin sau biyu ban san da ita ba. Da na sani bara, wataƙila da yanzu ina aji huɗu tare da Aliyu.

Malam Sani, mai taimaka wa Farfesa:
Salamu alaikum. Ina cikin masu duba takardun nan, don haka bari in faɗi abin da ya halatta in faɗa. Maganar Aliyu haka take. A tes ɗin nan ma akwai waɗanda suka sami 1000, suka rubuta a gefe cewa amsar ta yi yawa ƙwarai, kuma sun tashi da mafi yawan makin tambayar. Ba a zalunci kowa da gangan ba, kuma mizani ɗaya aka yi wa kowa.

Shawarata ga Nura, kada takardarku ta fara zuwa ofishin shugaban sashe. Farfesa ba ya sauya makin da ya riga ya bayar sai in kuskuren tarawa ne, shugaban sashe kuma zai mayar da takardar gare shi ne kawai, sai ya zama kun tsallake shi ba ku samu komai ba. Ku same shi da kanku. Yana da zafi a aji, amma yana sauraro a ofis.

Usman, Lantarki aji huɗu:
Malam, da izininku, ina da ja a kan ƙa'idar kanta, ko da an rubuta ta da manyan baƙaƙe. Ku ɗauki ɗalibi na biyu, wanda ya juya ma'auninsa daidai amma ya ɗauko fomular kantiliba, wato bim ɗin da aka kafe kansa ɗaya a bango ɗayan yana sake, PL³/3EI. Amsarsa za ta fito milimita 16. Lamba ce mai kyan gani, ba wanda zai firgita da ita. Amma wannan ɗalibin bai ma gane irin bim ɗin da ke gabansa ba, alhali mai 1000 ya gane. Wane ne ya fi fahimtar kwas ɗin? A ganina mai 1000. Ƙa'idar tana kama kuskure mai ihu, tana barin mai shiru.

Kuma masu shirun ne ke yin ɓarna. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lambobinta a ma'aunin fam, masu tuƙin kumbon kuma suna karanta su a niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne kawai. Ba dubu ba ne da zai sa kowa ya zabura, shi ya sa aka yi watanni ana tafiya a kansa. Abin da ke kama irin wannan shi ne rubuta ma'auni a gefen kowace lamba a kowane layi, da bin su har ƙarshe a ga me ya rage. Da wannan ake tilasta mana, da mai 200 ya ga gigafaskal zaune kusa da milimita tun a layin farko.

Malam Sani, mai taimaka wa Farfesa:
Usman, hujjarka tana da ƙarfi. Sai dai masu fomular kantiliba ma ba su tsira ba, an cire musu makin zaɓen fomula da duk abin da ya biyo baya. Amma gaskiya ne sukan rage da ɗan abin da suka samu a zane, wanda mai sifili bai samu ba. Zan kai masa wannan misalin naka kamar yadda ka kawo shi.

Injiniya Rabi:
Usman ya yi magana. Bin ma'auni layi-layi da auna amsa da hankali, ɗaya ba ya wadatarwa daga ɗaya. Ni dai har yanzu ina ganin mai 1000 ya cancanci hukunci mai zafi, don gininsa mutane za su kwana a ƙarƙashi.

Zainab:
Ni abin da ke damuna ya wuce tes ɗin. Wannan "auna amsa da hankali" da ake ta faɗa, a ina aka koya mana shi? Yaya Rabi ta san bim na mita 4 ba ya wuce milimita 16 saboda ta ga bim da yawa. Mu fa? A ɗakin gwaji mun tsaya ne a bayan juna muna leƙen injin yana jan ƙarfe, wasunmu ƙarar tsinkewar kawai suka ji. Ba a taɓa ba mu jinga da ta ce ku ƙiyasta amsa kafin ku taɓa kalkuleta ba. A lacca kuma Farfesa yakan tsallake layi uku ya ce a bayyane yake, ya goge allo.

Abin nan ba a bayyane yake ba. Babban masanin kimiyya Galileo da kansa ya yi lissafin ƙarfin bim a 1638, ya ɗauka duk yankin bim ɗin ja yake sha daidai-wa-daida yana juyawa a kan gefensa na ƙasa, amsarsa ta ninka ta gaskiya sau uku. Sai a 1826 injiniyan Faransa Navier ya daidaita lissafin lanƙwasar bim yadda muke karanta shi yau, cewa sama na matsewa, ƙasa na miƙewa, akwai kuma layi a tsakiya da ba ya jin komai. Abin da ya ɗauki manyan masana kusan shekara 190, mu ana ba mu shi a lacca biyu.

Kuma akwai bincike a kan wannan. A 2014 mujallar kimiyya ta PNAS ta buga wani aiki da ya tattara nazari 225 a kan kwasa-kwasan kimiyya, lissafi da injiniyanci. A azuzuwan da malami ke magana kawai ɗalibai na rubutu, kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa. A inda ake sa ɗalibai su warware matsala a cikin aji, su tattauna, a gyara musu nan take, kusan kashi 22 ne. Ba sauƙaƙa jarrabawa aka yi ba, yadda ake koyarwa aka sauya. Ni ba na neman a rage tsanani. A ba mu wurin yin kuskure a gyara mana kafin ranar da kuskuren zai ci rabin maki.

Hauwa:
Zainab, saurinsa gaskiya ne, amma kada mu tauye masa haƙƙi. Ni ban taɓa samun malamin da ke sa abu ya zauna a kai kamarsa ba. Ranar da ya murɗe alli a gabanmu ya nuna mana karayar ta bi karkace a kusurwar digiri 45, sannan ya ja wani allin ya tsinke a miƙe, tun daga ranar na gane cewa abu mai gautsi ja ne ke kashe shi ko da murɗa shi aka yi. Haka da ya sa aka kwantar da rula aka danna ta lotsa, aka tsayar da ita a kan gefenta ta ƙi motsi, sai bh³/12, fomular I (b faɗi, h tsayi), ta daina zama abin hadda: ka ninka tsayin bim sau biyu, taurinsa ya ninku sau takwas. Da ya zo kan ginshiƙi ma, rular ya tsayar ya danna ta daga sama har ta kantare gefe, ya ce masanin lissafi Euler ya lissafa wannan tun 1744, kuma in ka ninka tsawon ginshiƙi sau biyu, nauyin da zai kantarar da shi ya koma rubu'i. Daga nan ya ba mu labarin gadar Kwibek. Matsalar ita ce duk wannan na 'yan layin gaba ne. Daga baya ko allin ba a hangowa.

Injiniya Rabi:
Hauwa, kin tuna mini. Mu ma ya ba mu labarin Kwibek, kuma yanzu da na sake tunaninsa, akwai ɓangaren da ya shafi maganarku kai tsaye.

Ga waɗanda ba su ji ba: gada ce da ake ginawa a kan kogin Sen Lorens a Kanada. An ƙara tsawon tsakiyarta daga kimanin mita 490 zuwa 550, amma ba a sake lissafin nauyin ƙarfenta yadda ya kamata ba, sai ya zama ta fi abin da aka zata nauyi. A ranar 29 ga Agusta, 1907, ƙarafan ƙasa masu shan matsi suka kantare, gadar ta rufta, ma'aikata 75 suka mutu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kwanaki kafin haka mutanen da ke wurin sun ga ƙarafan suna karkacewa, sun auna, sun kai rahoto. Babban injiniya mai ba da shawara, Theodore Cooper, yana Niyu Yok, ba ya zuwa wurin aikin, kuma ba wanda ke da ƙarfin tsayar da aiki ba da yawunsa ba. Ranar da ya aika saƙon a daina ƙara nauyi, umarnin bai kai ga ma'aikatan ba har gadar ta faɗi.

Farfesa yana kawo labarin ne don mu ji tsoron kantarewar ƙarfe. Amma a cikinsa akwai ƙaramin injiniya da ya ga matsala, da babba wanda maganar ba ta isa gare shi da wuri ba. Idan ana so a yaye injiniyan da zai iya cewa "ranka ya daɗe, wannan lambar ba ta yi ba", to sai ya saba da ɗaga hannu tun yana aji. Na tuna a lokacinmu mutum yakan haɗiye tambayarsa don kada a mayar masa da tambayar da ta fi ta wuya a gaban jama'a. Don haka Nura, a kan makin ina nan inda nake, kada ku nemi a sauya shi. Amma ku je. Malamin da ke hukunci mai tsanani haka, wajibinsa ne ya rubuta ƙa'idarsa inda kowa zai gani, ya kuma mayar wa ɗalibi takardarsa ya ga inda jan biro ya sauka. Bashir yana da gaskiya a nan, bai kamata mutum ya maimaita shekara bai san me ya kayar da shi ba.

Malam Sani, mai taimaka wa Farfesa:
Batun mayar da takardun tes, ba ƙi ake yi ba. Masu dubawa kaɗan ne, ɗalibai da yawa, kuma akan riƙe takardun saboda masu binciken jarrabawa daga waje. Amma ba abin da ya hana a ware yini ku zo ku duba naku a gabanmu ku mayar. Ni kuma zan iya ɗaukar tutoriyal guda a kan ma'auni da ƙiyasta amsa, in kun samo aji.

Nura, wakilin aji uku:
Na gode ƙwarai, Malam, Yaya Rabi da kowa. Na yi magana da waɗanda suka rubuta takardar farko, yawancinsu sun yarda a sauya ta. Ga Farfesa za mu kai, ni da Zainab da Hauwa. Za mu roƙi a buga ƙa'idar nan a saman takardar tambayoyi daga yanzu, a ba mu yinin duba takardunmu, sannan in zai yiwu ya riƙa ba mu matsala ɗaya mu gwada a cikin aji kafin ya warware. Maganar lasifika ni zan bi ta a ofishin sashe. Ba mu sa batun sauya maki ba.

Bashir:
Ni har yanzu ina ganin ya kamata a nemi tes na biyu, tunda an tabbatar da yawanmu ba mu ji ƙa'idar ba. Ko bai yarda ba, a dai faɗa masa. Zan sa hannu, amma Nura ka ƙara wannan layin, ka kuma tambaya ko mu masu maimaitawa za mu iya ganin takardunmu na bara.

Malam Sani, mai taimaka wa Farfesa:
Na bara suna hannun jami'in jarrabawa, ba a wurin Farfesa ba, kuma sai an cike fom. Ka same ni bayan laccar gobe in nuna maka yadda ake nema, Bashir. Tes na biyu kuwa ku ambata da baki bayan ya gama karanta takardar, kada ku sa shi a rubuce.

Nura, wakilin aji uku:
To Malam, haka za a yi. 'Yan aji, takardar tana wurina har ƙarfe goma sha biyu na gobe ga mai son karantawa kafin ya sa hannu. Wanda ya san ajin da ba kowa ranar Alhamis da yamma ya sanar da ni saboda tutoriyal ɗin.